Rabin Tumun Mai Ɗaukar Akwati

Da hantsi ne, ana gobe za a koma lakwal, wato makarantar boko. Hadari ya taru gabas tun asuba ya ƙi zuba, irin na ƙarshen damina wanda ba ya kawo komai sai zufa da ƙuda. Na fito daga gidanmu da sabuwar igiya a kafaɗa, ta rama ce, na yi kwanaki ina tufka ta a gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Tun daga nesa na hango ɗan babur ɗin nan ja, mobilet, a jingine jikin zauren Baba Abarshi, daidai turken da nake ɗaure jakina. Na ja na tsaya. Yau ba Lahadi ba ce, me ya kawo mai ita?

Ku yi mini haƙuri, ni ba mai saurin labari ba ne, sai na gaya muku ko su wa muke. Sunana Sallau. Mahaifina Barmo, Allah ya ji ƙansa, aminin Baba Abarshi ne, gonakinsu iyaka ɗaya a ƙauyenmu na ƙasar Tajaye. Ba mu haɗa jini ba, amma a gidan na yi wayo. Rana ɗaya aka rubuta mu lakwal da ɗiyarsa Zalika, ina gabanta da shekara biyu. Ina aji uku mahaifina ya rasu, na ajiye allon mushe, malamin lakwal, na koma gona. Ita kuwa ta yi ta tafiya, daga ƙauye zuwa Illela, daga Illela zuwa Kwanni, yanzu ga ta a Tawa tana karatun zama malama, shekarar ƙarshe. Ina sonta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ita. Duk kaka Innata sai ta ce, "Sallau, yaushe za ka ajiye mini wadda za ta karɓi taɓarya?" Ni kuma in ce mata, "Sai baɗi, Inna."

Gidan Baba Abarshi suna da wata al'ada da ba na jin akwai ta a wani gida. Goggo, yayarsa, ita ta ƙirƙiro ta. Ita ta riƙe Zalika tun da aka yaye ta, don uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Lokacin da aka fara kai yaran gidan lakwal tsoro ya kama ta, wai karatun Nasara zai mantar da su hanyar gida. Sai ta ce ba yaron da zai tafi sai ya ci tumun gonarsu. Tun daga nan, duk jajibirin komawa, wanzami ya zo ya aske maza, mata a yi musu kitso, da la'asar Goggo ta hura garwashi ta gasa sabon hatsi, kowane ɗan lakwal zangarniya ɗaya, tana kiran sunansa da ajin da zai shiga. Wanda ya kai tafiya nesa da akwati, ta sa ƙusa a wuta ta ƙona zane ɗaya a murfin akwatinsa. Da safe wani namiji daga cikin gida ya ɗauki akwatin a ka har bakin hanyar mota, mai akwatin kuma ya karya tumunsa biyu ya ba shi rabi.

Yayyen Zalika maza duk sun tafi biɗa, wato ci-rani, can kudu. Tun akwatinta yana da zane ɗaya ni nake ɗaukarsa. In muka kai bakin hanya ta kwance bakin zanenta, ta karya tumun, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Yaya Sallau." Wannan kalmar nake ci har hutu ya zagayo.

To, wannan hutun komai ya canza, kuma tun zuwan mai mobilet ya canza.

Hayatu sunansa. Ɗan Kwanni ne, yana aikin ofis a luzin, masana'antar siminti ta Malbaza. Wandonsa da karin guga, agogo a hannu, gashi an tsaga masa hanya da reza. Duk Lahadi sai ya zo, kuma ba a zaure yake tsayawa ba, kai tsaye cikin gida. Na taɓa ganinsu ta kan darni, yana yi mata Faransanci tana dariya har tana dukansa da mafici. Na ce wa raina, ƙila ɗan'uwa ne. Amma wane ɗan'uwa ne a gidan nan da ban sani ba? Bayan haka, wata Juma'a, na shiga zaure na ga ƙunshin goro cikin ɗanyen ganye a gefen buzun Baba. Yana ganina ya jawo babbar rigarsa ya rufe. Daga ranar Goggo ta daina kiran sunana. Zalika ma ta daina ce mini Yaya. In mun haɗu a hanyar rijiya sai ta sauya hanya, tulu a ka, kamar ta ga mai binta bashin rai.

Na isa zauren na yi sallama. Baba yana zaune yana jan carbi.

"Baba, an tashi lahiya?"

Da can kafin in rufe baki zai ce, "Sallau, ɗan nema, shigo ka ba ni labarin gona." Yau ƙasa ya duba.

"Lahiya lau. Madalla."

Ya jawo takalmansa ya shige ciki, ya bar ni tsaye da igiya. Sai ga Hayatu ya fito yana saƙace haƙori, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi wani murmushi da ban so ba.

"A'a, manyan baƙi. Wagga igiya hwa, wa za a ɗaure?"

"Ta akwati ce," na ce.

"To, to. Allah shi ba da sa'a."

Ya yi dariya shi kaɗai. Na daɗe ina juya dariyar nan a raina, ban sami gefen da za ta yi mini daɗi ba.

Da la'asar na dawo, don ban taɓa fashin tumu ba. Tsakar gidan ya cika da ƙamshin sabon hatsi. Yara sun jeru da kawuna fes, suna shafa ƙeya suna tsokanar juna. Akwatin Zalika na katako, mai koren fenti, yana gaban murhu. Ita tana zaune kan kujera ƴar tsugunno, kitsonta sabo, zane mai ruwan bula da farar riga, ta ɗaura kallabi ta sauko da shi har gira. Na taka zan wuce wurin da na saba zama, kusa da turmi, sai na ji Goggo ta ce, ba ni take kallo ba, garwashi take kallo:

"A shimfiɗa ma ɗan gidan Barmo tabarma can bakin ƙofa."

Aka shimfiɗa. Sabuwar tabarma ce, ko karinta bai kwanta ba. Aka kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya an rufe da faifai. Ni da nake shan ruwa da moɗa a bakin randar gidan nan tun ina yawo ba wando.

"Goggo, ni ne hwa. Sallau."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Matan gidan suka sunkuyar da kai, wata ta toshe baki. Dariya suke mini ko tausayi? Na zauna. Na gane an mai da ni baƙo, kuma baƙo ba a korarsa, tabarma ake ba shi.

Goggo ta fara kira. "Mumuni, aji biyu. Mas'udu, aji huɗu, in ka sake maimaitawa ɗanye za ka ci baɗi." Aka yi dariya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan babbar zangarniya, ta kaɗe tokar da ke jikinta.

"Zalika, aji na ƙarshe."

Ta zaro ƙusa daga wuta da tsumma, ta ɗora a murfin akwatin, hayaƙi ya tashi da warin fenti. Na fara gyara zama, don daga nan ne take cewa, Sallau, ga kayanka. Sai ta ce:

"Bana Hayatu za shi ɗauki akwati."

Ban san lokacin da na yi magana ba. "Goggo, wuyana bai yi ciwo ba."

Ta juya wata zangarniya a wuta. "A ce mai shi huta."

Na dubi Zalika. Ba ta ɗago ba. Ta naɗe tumunta a bakin zane ta ƙulle. Hayatu kuwa ya miƙe ƙafa kusa da turmi, a wurina, yana murza tumun wani yaro yana watsawa a baki.

Na sha ruwan, don kada a ce na yi fushi. Na rufe ƙwaryar na yi musu sai da safe, rana ba ta ma faɗi ba.

A gida na tarar da Inna tana sheƙar wake. Na zauna gefenta.

"Inna, na yi ma gidan Baba Abarshi wani laihi?"

"Mi ka gani?"

"Tabarma sabuwa suka ba ni."

Ta juya mini baya tana kaɗa faifai, kafaɗunta suna motsi. "To, tsohuwa kake so?"

"Akwatin ma an ba wani."

"Kanka ya huta."

"Inna, kin san wani abu."

"Na san wake na bai ƙare ba. Kuma gobe kada in ji ƙafarka ta taka gidan nan. Ka ji ni?"

Na ji ta. Na kuma lura da abin da na daɗe ina gani ban haɗa ba: zabinta sun ragu a gidan, kuma sau biyu tana zuwa kasuwar Illela a watan nan, ta dawo ba ta sayo ko gishiri ba, sai dai ta ce ta biya ta gaida Baffa Maikano, ƙanen mahaifina. Na ce a raina, shi ke nan, ta ji labarin Hayatu, ta tafi nema mini wata a Illela don kada abin ya kashe ni. Kowa ya sani, ni kaɗai ake rufe wa.

Washegari da sassafe na ɗaura wa jaki mangala na ce za ni yankan kara. Ban yi ƙarya ba, gonarmu tana kan hanyar da ke fita bakin titi. Igiyar ma na ɗauka, ban san dalili ba. Raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando, ina yanka ina kasa kunne.

Rana ta ɗan ɗago sai na ji kukan mobilet. Ga Hayatu, ya ɗora akwatin a baya, ko a ka bai ɗauka ba. Matan suna can baya da nisa, a ƙasa. Daidai kwarin da ke gefen gonarmu yashi ya kama ƙafar gaba, mobilet ta kwanta, akwatin ya wuntsila ya daki kututture. Marfin ya buɗe. Sabulu, ƙullin ƙuli-ƙuli, littattafai, rigunan lakwal, duk a yashi.

Na ajiye lauje na je. Na ɗaga masa mobilet tukuna, sannan na durƙusa ina tsince kayan ina kaɗe musu ƙasa. Maƙallin kwaɗon ya tsinke gaba ɗaya.

"Ka ji ciwo?" na tambaye shi.

"Wandona dai ya ji." Ya duba gwiwarsa, ya dube ni. "Kai ba an hana ka hitowa ba?"

"Gonata ce."

Na ninke wata riga na sa a akwatin. Na ce bari in faɗa sau ɗaya in huta.

"Malam Hayatu, ba ta son barkono da yawa. In ta yi hushi ba ta magana, sai ta yi ta shara. Kada ka matsa mata, ka bari ta gama."

Ya tsaya da kaɗe wando. "Mi kake gaya min haka?"

"Tunda kai aka ba."

"Aka ba ni mi?"

"Na ga goron."

Ya ƙura mini ido. Sai ya zauna daɓas a yashi, wandon da yake tausayi, ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

"Wayyo Allah. Ni? Zalika? Bawan Allah, nono guda muka sha. Da uwarta ta rasu Kwanni aka kai ta wurin innata, ta shekara biyu tana ƙwace min abincina. Ko duniya ta ƙare babu aure tsakaninmu. Da aka kawo ni Malbaza kusa, shi ne nake zuwa in rama."

Na ji kamar an sauke mini dami daga ka, amma ban yarda duka ba. "To goron na wane ne?"

"Na wani sakarai ne. Baffanshi yaz zo da shi tun daga Illela, Maikano sunanshi, ko ka san shi?"

Ƙuli-ƙulin da ke hannuna ya zube.

"Innarka tac ce kada a gaya maka sai an gama magana, wai in ka ji za ka ce a bari sai baɗi. Kai kuma, tsoho ya daina haɗa ido da kai, Goggo ta daina kama sunanka, an ba ka sabuwar tabarma, duk ba ka gane ba? A garinku ana aiken suruki ya ɗauki kaya a ka? Ni ɗan birni ne ban iya wagga kunya taku ba, amma ko ni na gane."

Na zauna ni ma. Duk abin da na kwana ina lissafawa a matsayin kora ya juyo ya tsaya da ƙafafunsa. Na sani sarai surukai ba sa kiran sunan mijin ɗiya. Na sha gani a gidajen mutane. Ban dai taɓa kawo kaina a wurin ba.

Amma daɗin bai daɗe ba, wani zargin ya taso ya danne shi. Manya sun karɓi goro, to. Ita fa? Mace mai shirin tsayawa gaban aji da alli, da mai aji uku wanda ko sunansa sai ya yi gumi yake rubutawa. Sauya hanyar da take yi a rijiya, kunya ce ko ƙi?

"Ita mi tac ce?"

Hayatu ya daina dariya. "Wannan ban sani ba. Baba ya ce ba zai yi mata dole ba. An tambaye ta, ta yi shiru."

"Shiru kawai?"

"Goggo ta ce shirun ya isa. Baba ya ce ɗiyar lakwal ce, sai ya ji da kunnenshi." Ya tashi yana kaɗe baya. "Ni dai an cuce ni. An ce mai ɗauka yana da rabin tumu. Na tambayi Zalika tun a gida, ta ce in wuce in ba ta wuri."

Muka ɗora akwatin a kan jakina, ina riƙe da murfin da hannu, shi yana tura mobilet. A raina ina cewa, mace mai harshe biyu, Hausa da Faransanci, in tana so ai ba ta rasa kalma ɗaya a cikinsu ba.

Mun kai bakin titi ba da daɗewa ba matan suka iso. Goggo tana ganina ta ja mayafi ta koma bayan wata aduwa. Wannan karon na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Na ji ta amsa ƙasa-ƙasa, kamar mai dariya.

Motar Tawa ta taso daga wajen Kwanni, babbar kamiyo cike da buhuna da mutane a sama. Direba ya leƙo ya ce akwatin da ba ya rufuwa ba zai hau masa mota ba, kaya su zube a hanya a ce shi ne. Hayatu ya shiga lallashinsa. Ni kuwa na ciro igiyata daga mangala, na durƙusa a gaban akwatin. Na zagaya ta tsaye, na zagaya ta kwance, ta bi ta kan zanen ƙusar Goggo, sabon na jiya har yanzu yana warin ƙuna.

Ina cikin ja sai na ga ƙafafu sun tsaya a gabana, da lalle, cikin takalmin roba fari. Ban ɗago ba. Na ji ƙarar abu ya karye, ƙas. Hannu ya sauko ya ajiye rabin zangarniya a kan murfin, kusa da yatsuna, ya koma.

Na jira kalmar nan tawa ta kowace shekara. Ba ta zo ba. Babu na gode, babu Yaya. Ta ja kallabi ta rufe fuska, ta juya ta kama ƙarfen motar.

Na sa tumun a aljihun gaba. Na ƙulle igiyar sau biyu, na ɗaga akwatin na miƙa sama, na ce a sa shi inda rana ba ta bugu, akwai sabulu a ciki.